Fulawil Mai Nauyi Ko Marar Nauyi: Wanne Ya Dace Da Mota Mai Turbo?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da Golf 4 mai injin 1.8T da giyar hannu biyar. A Kaduna nake zaune, da ita nake zuwa aiki kullum, wani ƙarshen makon kuma in je Zariya ko Abuja. An ɗan ƙara mata ƙarfi ta kwamfuta. Yanzu kulocina ya fara sulɓi, kuma idan na kashe mota ina jin ƙwanƙwasa daga wajen giyabos. Makanikena ya ce fulawil ɗin ma ya gama aiki. Wani abokina ya ce in sa marar nauyi na alminiyum domin turbo ya riƙa tashi da wuri, wani kuma ya ce mota mai turbo nauyi take so, idan na rage za ta riƙa mutuwa a hannuna. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su, alhali kowanne da nasa hukuncin. Na farko shi ne nauyin fulawil, wato kilo nawa ya kamata ya yi. Na biyu kuma irinsa ne, domin wanda kamfani ya saka a motarka mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani, duk wani marar nauyi da za a kawo maka kuwa dunƙulallen ƙarfe ne guda ɗaya. Wanda ya ce maka ka rage nauyi, ko ya sani ko bai sani ba, ya ce maka ne kuma ka rabu da sifirin ɗin nan, kuma yawancin nadamar da nake gani a gareji daga wannan ɓangaren take fitowa. Ra'ayina tun daga farko shi ne motar da ake shiga cunkoson Kawo da ita kullum ba ta dace da fulawil ɗin alminiyum ba. Ko ka mayar da irin na kamfani, ko ka sa dunƙulalle na ƙarfe mai matsakaicin nauyi. Ga dalilaina.

Abin da fulawil yake yi

Inji ba ya ba da ƙarfi a miƙe kamar ruwan famfo. Bugu-bugu yake bayarwa. A inji mai silinda huɗu kamar naka, wuta tana tashi sau biyu ne kawai a kowane juyi na karanshaf, wato sau ɗaya a duk rabin juyi. Tsakanin bugu da bugu ba abin da ke tura karanshaf, hasali ma akwai fistan da ke ƙoƙarin danne iska a silindarsa, yana jan juyin baya. Fulawil shi ne yake karɓar wani kaso na ƙarfin kowane bugu ya ajiye a cikin juyinsa, sannan ya mayar da shi a wannan ɗan tsakanin, har bugu na gaba ya iso. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya ga wannan aikin: gululun da ke gindin mazari shi ne ke sa mazarin ya ci gaba da juyawa bayan ta murza shi sau ɗaya. Haka nan ƙaton ƙarfen da ke gefen injin niƙa mai silinda ɗaya, wanda in babu shi injin ba zai kai bugu na biyu ba. Ban da wannan, a jikin fulawil farantin kuloci yake kamawa, kuma haƙoran gefensa ne kik yake ci idan za a tayar da mota.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne kilon da sikeli ya nuna ba ya ba da cikakken labari. Inda nauyin ya zauna ya fi yawansa tasiri. Idan ka ɗauke kilo ɗaya daga wani wuri ka mayar da shi wurin da ya ninka nisa daga tsakiya, tasirinsa a juyi ninkawa yake yi sau huɗu. Saboda haka fulawil biyu za su iya zama kilo bakwai-bakwai, amma ɗaya ya yi hali irin na mai nauyi saboda ƙarfensa ya taru a gefe, ɗayan kuma ya yi hali irin na marar nauyi saboda an rage gefen an bar tsakiya. Haka ma gudun juyi: ƙarfin da fulawil ya ajiye a juyi 6,000 a minti ya ninka na juyi 3,000 sau huɗu.

Me rage nauyi yake ƙarawa a zahiri?

Fulawil ba ya ƙirƙirar ƙarfi. Man da inji ya ƙona da iskar da ya shaƙa su ne ke ba da ƙarfi, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke canzawa don an canza faifan ƙarfe a bayan inji. Abin da ke canzawa shi ne rabon ƙarfin a lokacin da juyi ke hawa: wani kaso yana tafiya wajen hanzarta fulawil ɗin kansa, ragowar ya tafi taya. Idan fulawil ya yi sauƙi, kason da yake ci ya ragu. Idan kana tafiya a gudu ɗaya a hanyar Abuja, ba hawa ba sauka, fulawil ba ya cin komai kuma ba ya ba da komai, don haka ba zai ƙara maka gudun ƙarshe ba, ba kuma zai rage maka shan mai yadda za ka gani a aljihu ba.

Ana iya lissafa ribar, kuma na fi son in lissafa maka da in bar ka da zancen majalisa. A irin giyabos ɗinka, giya ta ɗaya tana kusa da 3.3, giyar ƙarshe da ke kai wa taya kuma kusa da 3.65, wato inji yana juyawa kimanin sau 12 kafin taya ta juya sau ɗaya. Mu ɗauka an cire kilo 4 daga fulawil a nisan kimanin santimita 11 daga tsakiya, kuma daga tsakiyar taya zuwa ƙasa santimita 31 ne. Idan aka buga lissafin, a giya ta ɗaya motar za ta ji kamar an sauke mata kaya na kusan kilo 75, buhun shinkafa ɗaya da rabi ke nan. A giya ta biyu abin ya koma kusan kilo 26, a ta uku kusan 12, a ta biyar kuma bai wuce kilo 5 ba. Motar da ta kai kimanin kilo 1,300 za ta ji kilo 75, amma kilo 5 ba wanda zai ji shi.

To, ka duba inda ribar ta taru. A giya ta ɗaya take, kuma a Golf mai ja da ƙafar gaba wadda aka ƙara wa ƙarfi, giya ta ɗaya ita ce inda tayoyi ke sulɓi a kwalta tun kafin inji ya ba da duk abin da yake da shi. An ƙara maka ƙarfi ne a daidai wurin da ba za ka iya sauke shi ƙasa ba. A giya ta uku da ta huɗu, inda kake wuce tirela a hanyar Zariya kuma inda turbo ke nuna kansa, ribar ta kusa ɓacewa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne yadda injin ke zabura idan aka taka totur a firi. Gaskiya ne allura tana tashi kamar walƙiya, amma a firi fulawil kaɗai injin ke juyawa, ba ya jan mota.

Maganar turbo

Abokanka biyu kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya. Turbo zugazugi ne wanda hayaƙin inji ke juya shi. Gwargwadon yawan hayaƙi da zafinsa, gwargwadon ƙarfin hurinsa, kuma yawan hayaƙi ya dogara da abu biyu: yawan juyin inji da nauyin aikin da aka ɗora masa. Shi ya sa idan ka taka totur a firi har juyi 5,000 ba za ka ga matsin iska na kirki ba, amma a giya ta huɗu a juyi 2,500 da totur a ƙasa za ka ji motar ta manna ka da kujera. Fulawil ba shi da hanya kai tsaye zuwa turbo. Abin da marar nauyi ke yi shi ne ya kai inji juyin da turbo ke farkawa da ɗan wuri a ƙananan giya. A babban turbo na tsere wanda ba ya farkawa sai juyi ya haura 4,000, wannan yana da ɗan amfani. Amma naka ƙarami ne, K03, kuma a injin 1.8T mai ƙarfin doki 150 kamfani ya tsara cikakken ƙarfin murɗawa, 210 Nm, ya iso tun daga juyi 1,750. Ba ka da wani dogon jira da fulawil zai gajarta maka.

Akwai kuma masu cewa mai nauyi yana riƙe matsin iska tsakanin giya da giya. Wannan ma an zuzuta shi. Abin da ke zubar da matsin idan za ka canza giya shi ne ɗage ƙafa daga totur: ƙofar iska ta rufe, hayaƙi ya ragu, bawul ya saki iskar da ta taru. Kuma da zarar ka saki kuloci, gudun mota da giyar da ka shiga su ne ke yanke juyin da inji zai tsaya a kai, ko wane irin fulawil ke ciki. Idan ka fita daga giya ta biyu a juyi 6,000, za ka sauka a ta uku a kusan 4,050, babu makawa. Bambancin yana cikin yadda ake isa wurin. Mai nauyi yana saukowa a hankali, kuma idan ka yi saurin sakin kuloci sai ya juye ragowar ƙarfinsa a taya, ka ji motar ta ɗan yi tsalle gaba. Marar nauyi yana faɗowa da sauri, wanda direban tsere mai saurin hannu ke so. Amma a tuƙin yau da kullum, idan ka fita daga giya ta ɗaya a juyi 3,000, ta biyu tana jiran ka a kusan 1,760, kuma idan hannunka ya ɗan yi nawa juyin zai faɗi ƙasa da haka, sai kuloci ya ja injin sama da ƙarfi, motar ta yi fizga. Mutum yana iya koyon saurin hannu, amma zai yi ta yin sa ne sau ɗari a rana.

Inda abokinka na biyu ya fi gaskiya shi ne wajen tashi daga tsaye, kuma a ganina nan ne zuciyar tambayar take. Ana rage matsin silinda a injin turbo domin ya jure iskar da za a hura masa. Naka 9.5 ne, wasu tsofaffin injinan turbo kamar na Subaru WRX har 8.0 suke sauka. Ma'anar haka ita ce kafin turbo ya farka, a juyi 900 zuwa 1,400 inda ake sakin kuloci, injinka ya fi ɗan'uwansa marar turbo rauni. A wannan ɗan lokacin, ƙarfin da fulawil ya ajiye shi ne ke ɗaga mota daga tsaye ya miƙa ta ga turbo. Idan ajiyar ta yi kaɗan, juyi zai nutse da zarar kuloci ya kama, sai ko dai motar ta mutu, ko kuma ka riƙa ba ta wuta sosai kana sulɓa kuloci don kada ta mutu. Hanya ta biyu ita ce kowa ke koya ba tare da ya sani ba, kuma ita ce ke cinye sabon kuloci kafin lokacinsa. Ka ƙara da mutum huɗu a ciki, da kaya a but, da na'urar sanyi tana kamawa tana saki a zafin watan Afrilu, kowane kamu yana jan injin da ke sulo a kusan juyi 800. Mai nauyi yana shanye wannan jan ba ka ji ba. Da marar nauyi sai ka ga allura tana nutsewa, sitiyari yana rawa.

Akwai wata matsala ta kwamfuta da ya kamata ka sani. Kwamfutar mota tana gane silindar da ta ƙi kama wuta ne ta hanyar auna ɗan jinkirin da karanshaf ke yi bayan kowane bugu, kuma an koya mata iyakar jinkirin bisa nauyin fulawil na asali. Idan nauyi ya ragu ƙwarai, hawa da saukar juyi tsakanin bugu suna ƙaruwa, har ta iya ɗauka inji na fashin wuta alhali lafiyarsa ƙalau, ta kunna fitilar gargaɗi da lambobin P0300 zuwa P0304. An fi sanin motocin Subaru masu turbo da wannan. Illarsa ita ce ranar da kwayil ya lalace da gaske, wanda ba baƙon abu ba ne a 1.8T, ka riga ka saba da fitilar ba za ka kula ba.

Fulawil mai ɓari biyu

Kamfanin LuK na Jamus ne ya fara fitar da wannan iri a 1985, a motocin BMW, daga baya Sachs da Valeo su ma suka shiga yin sa. An raba fulawil ɗin gida biyu: ɓari ɗaya a ɗaure da karanshaf, ɗayan kuma shi kuloci ke kamawa, a tsakaninsu akwai dogayen sifirin masu lanƙwasa da ke kwance cikin giris. Bugun inji yana faɗawa kan ɓarin farko, sifirin ya shanye shi, ɓari na biyu ya miƙa wa giyabos juyi mai santsi. Hikimar tsarin ita ce an saukar da juyin da kayan ke yin mummunar girgiza zuwa ƙasa da sulo, wurin da inji ke ratsawa kawai a lokacin tashi da lokacin mutuwa. Wannan ne ya sa ƙwanƙwasar da kake ji take zuwa idan ka kashe mota: sifirin sun gaji, ɓarin biyu suna dukan juna yayin da injin ke ratsa wannan wurin. Makanikenka yana kan gaskiya.

Injin turbo ya fi marar turbo buƙatar wannan kariya, domin yana ba da babban bugu a ƙaramin juyi, kuma ƙara ƙarfi ta kwamfuta a nan ya fi ƙarawa. Idan aka cire sifirin, bugun yana shiga giyabos kai tsaye, haƙoran giyar da ba sa aiki su riƙa kaɗawa a jikin juna. Za ka ji shi a sulo kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani, ya ɗauke idan ka taka kuloci, ya ƙaru idan na'urar sanyi ta kama ko man giyabos ya yi zafi. Za ka kuma ji gurnani idan ka ba ta wuta a giya ta huɗu ko ta biyar ƙasa da juyi 2,000. Gwargwadon sauƙin fulawil, gwargwadon ƙarar. A injin fetur mai matsakaicin ƙarfi na ga giyabos da yawa sun yi shekaru da wannan ƙara ba su lalace ba, don haka ba zan tsorata ka ba. Amma a injin gas, wato dizal, kamar 1.9 TDI mai doki 130, wanda ke ba da 310 Nm a juyi 1,900, ko HDi na Peugeot 406, ba na ba kowa shawarar rage nauyi ko kaɗan, domin bugun injin gas ya fi kaifi nesa ba kusa ba.

Yana da kyau ka san abin da ke kashe mai ɓari biyu, don kada sabo ya bi tsohon. Babban makashinsa shi ne jan mota a babbar giya da ƙaramin juyi da totur a ƙasa, abin da direbobinmu da yawa ke yi da nufin tsimin mai. Sai raunin batir ko kik, wanda ke sa inji ya daɗe yana wahala a daidai juyin girgizar nan kafin ya tashi. Sai fashin wuta da aka bari ba a gyara ba, da yawan tayar da mota ta hanyar turi.

Zaɓin da ke gabanka

Idan ƙarin ƙarfin da aka yi maka na kwamfuta ne kawai, turbo da injekta na asali ne, kuma kana son motar ta zauna shiru kamar yadda ka saba, ka mayar da sabon mai ɓari biyu na LuK ko Sachs tare da sabon kuloci mai ɗan ƙarin riƙo. Na ce sabo da gangan. Na hannu da ake cirowa daga injinan Beljiyam ba a ganin gajiyar sifirinsa da ido, kuma ba a wanke fuskarsa a injin tana, wato injin sassaƙar ƙarfe, kamar dunƙulalle. Idan dole ta sa za ka saya a kasuwar Panteka, ka riƙe ɓarin baya ka juya na gaba da hannu ka ji yawan wasan da yake yi kafin sifirin ya kama, ka girgiza shi ka ji ko yana lilo a kan borisinsa, ka duba ko giris ya tsiyayo ko fuskar ta yi shuɗi saboda zafi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, ka bar shi.

Idan kuwa kana son abin da za ka sa ka manta, ko kana da niyyar ƙara ƙarfi nan gaba, akwai tsohuwar hanya da masu Volkswagen suka daɗe da sani. Dunƙulallen fulawil na injin G60, mai faɗin kuloci milimita 228, yana shiga 1.8T mai giyabos 02J, wato mai giya biyar irin naka, kuma ana haɗa shi da kulocin VR6 wanda ya fi riƙo. Na asalinsa yana kusa da kilo 9 zuwa 10, bai yi nisa da naka ba, kuma ana yin wasu a kusan kilo 6 da rabi. Ni a motar gari ba na sauka ƙasa da kilo 6 da rabi, kuma ga mai shiga cunkoso kullum na fi karkata ga 8 zuwa sama. Ka tabbatar giyarka biyar ce kamar yadda ka faɗa, domin mai giya shida, 02M, kulocinta milimita 240 ne, kayan ba sa shiga juna.

Sharaɗin da ba a wasa da shi a nan shi ne farantin kuloci. Wanda ke tafiya da mai ɓari biyu yawanci ba shi da sifirin a cibiyarsa, tunda fulawil ya ɗauke masa aikin. Dunƙulallen fulawil kuwa dole ne a haɗa shi da faranti mai sifirin a cibiya. An taɓa kawo mini wata Audi A3 mai irin injinka wadda aka sa wa dunƙulalle a wani gareji aka bar mata faranti marar sifirin. Mai ita ya zo yana cewa giyabos ya mutu, har ya fara neman kuɗin wani. Da muka sauke, haƙoran sandar giyabos inda faranti ke zama sun fara cinyewa, cibiyar farantin kuma ta yi sako-sako. Mun canza faranti kawai muka sa mai sifirin, ƙarar ta ragu zuwa abin da ake iya zama da shi. Da ya ƙara wasu watanni a haka, da giyabos ɗin ya tafi da gaske.

Na alminiyum, wanda yakan zo a kilo 4 zuwa 5 da faifan ƙarfe da aka ɗaure masa a fuska don kuloci ya kama, kayan filin tsere ne, inda mota ke tashi daga tsaye sau ɗaya sannan ta yini tsakanin juyi 4,000 da 7,000, direba yana hawa da sauka a giya kafin kowace kwana. A can yana da daɗi ƙwarai, kuma ba na musun haka. Ko a tsere ma, masu gudun miƙaƙƙen layi daga tsaye da babban turbo sukan bar nauyi da gangan, domin injin da ya nutse a tashi ya rasa turbonsa, kuma tseren ya ƙare tun daga nan.

Abu biyu ne nake roƙon ka da ka guje musu, domin ana yin su a garuruwanmu kuma ina ganin sakamakonsu. Na farko shi ne walda ɓarin biyu su zama ɗaya. Walda ba ta zama daidai a kowane gefe, ɓarin ba sa tsayawa a cibiya ɗaya, zafi yana lanƙwasa fuska, kuma faranti marar sifirin yana nan a wurinsa. Girgizar da ke biyo baya borisin karanshaf ne ke shan ta. Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne kai fulawil na zubin ƙarfe wurin mai injin tana a sassaƙe shi don ya yi sauƙi. Zubin ƙarfe ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, tsagewa yake yi ya tarwatse, kuma a juyi 6,000 gutsattsarinsa suna fasa murfin giyabos su wuce. A Amurka hukumar SFI tana da ma'auni na musamman, SFI 1.1, wanda ake buƙata ga fulawil da kulocin motocin tsere saboda irin wannan fashewar. Idan za ka sa mai sauƙi, ka sayi wanda aka ƙera shi da sauƙinsa daga ƙarfen kiromoli, aka kuma daidaita juyinsa a masana'anta.

Iyakar abin da zan iya yankewa daga nesa

Ban ji motarka da kunnena ba, kuma ƙwanƙwasa a lokacin kashe inji tana iya fitowa daga robar da ke riƙe inji, musamman ta ƙasa da ke hana shi lilo gaba da baya, wadda ke yawan yagewa a Golf 4. A duba ta kafin a sauke giyabos, ko da yake sulɓin kuloci kaɗai ya isa a sauke. Lissafin da na yi maka kimantawa ne, zai ɗan motsa bisa lambar giyabos ɗinka da girman tayarka. Sannan juriyar ƙara ta bambanta: na ga wanda ya yi shekara da kaɗawar giya bai ko lura ba, na ga wanda ya dawo bayan mako biyu ya biya kuɗin aiki karo na biyu don a mayar masa da na asali. Idan za ka samu mai irin motarka da ya riga ya sa dunƙulalle, ka zauna a cikinta tana sulo da na'urar sanyi a kunne, sannan ka tuƙa ta a cunkoso, kafin ka fitar da kuɗinka. Yawancin aikina a kan motocin titi ne, saboda haka idan wata rana ka koma tsere da gaske, ka nemi mai haɗa injin tsere ya zaɓa maka nauyi bisa turbon da za ka sa.

Ko wanne ka zaɓa, ka tsaya a kan makanikenka a ranar ɗauri. Ƙusoshi shida da ke riƙe fulawil a wannan injin masu miƙewa ne, sau ɗaya ake amfani da su, kuma na dunƙulalle tsawonsu ya bambanta da na mai ɓari biyu, don haka su zo tare da kayan. Ana ɗaure su a 60 Nm da sifana mai awo, sannan a ƙara kwatan juyi, ana tsallakawa daga ƙusa zuwa wadda ke fuskantarta. Tunda giyabos yana ƙasa, a canza rilis boris, a duba cokalin kuloci ko ya tsage, a kuma duba sil ɗin bayan karanshaf, domin ɗigon baƙin mai kaɗan ya isa ya lalata sabon faranti. Bayan an haɗa, ka yi kilomita 500 zuwa 800 na tuƙin gari a hankali ba tare da ba ta cikakkiyar wuta ba, har faranti ya zauna sosai a fuskar fulawil.